Wa ya taɓa kwana da RV a gandun jiha? Ku ba ni haske don Allah

Baban Khalifa (Houston): Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema wajen wanda ya san harkar. Yara sun sa ni gaba wai hutun Thanksgiving ɗin nan na ƙarshen Nuwamba sai mun je mun kwana a daji da motar nan mai ɗaki, RV, don ƴan ajinsu kullum labarin da suke ba su kenan. Mu bakwai ne, ni da uwargida da yara huɗu da ƙanwata da ke karatu a nan. Na shiga shafin Texas Parks and Wildlife na ga wuri biyu da ba su da nisa da mu, Brazos Bend da Huntsville, amma kaina ya ɗaure, wani fili an ce wuta da ruwa, wani an sa 30 wani 50, wani kuma an rubuta Full Hookup, kuɗin ma ba wani tazara sosai ba. Wanne zan kama?

Ɗan Bauchi (Chicago): Wa alaikumus salam. Ikon Allah. Mutum ya baro sauro da zafi da ɗaukewar wuta ya tsallako Amurka, Allah ya ba shi gida mai AC, kuma ya ɗauki dalarsa ya biya don ya koma daji sauro ya cije shi 😂 Baban Khalifa ka kai su otal mai wurin ninkaya kawai a huta

Baban Khalifa (Houston): Kai dai bari ɗan'uwa, ni ma haka na ce, an fi ƙarfina ne a gidan

Kawu na Dallas: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Kar ka saurari ɗan Bauchi, shi ko Yankari da ke bayan gidansu ban jin ya taɓa kwana. Ni ina da tirela ta ja, irin wadda ake ɗaurawa a bayan mota, kuma gandunan jihar nan na zaga su daidai gwargwado, bari in warware maka. Fili iri uku ne za ka gani. Akwai mai ruwa kawai, wannan na masu tanti ne ka bar shi. Akwai mai wuta da ruwa, wato akwai ɗan turke mai soket da famfo a gefen inda za ka yi fakin. Sai na ukun da ka ambata, shi ban da wuta da ruwa akwai bakin magudana a ƙasa da za ka jona tiyon ƙazanta, duk abin da ya fito daga bayi da wurin wanke-wanke ya wuce kai tsaye. Mutum bakwai kuma gidan Bahaushe? Na ukun nan shi ne naka, kar ma ka tsaya dogon tunani.

Baban Khalifa (Houston): Allah ya ƙara girma Kawu. Amma me ya sa ka ce gidan Bahaushe, akwai bambanci ne?

Kawu na Dallas: Sosai ma kuwa. Motar nan tanki uku gare ta. Ɗaya na ruwa mai kyau, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke, ɗaya na bayi. Biyun na ƙarshe a motocin haya kowanne bai cika wuce galan 25 zuwa 30 ba. Waɗanda suka ƙera ta da Bature suka yi lissafi, mai cin burodi da cuku a farantin takarda ya jefar, ya goge hannu da tishu shi kenan. Kai kuma mutum bakwai alwala sau biyar, ga buta a bayi, ga tukunyar tuwo da ta miya da za a jiƙa a kankare, ga yara da sai an yi musu wanka safe da yamma. Wallahi tankin wankan nan kafin ku yi kwana biyu ya cika, kuma in ya cika ba ya sallama, sai dai ka ga ruwa ya fara tasowa ta ramin wurin wanka da warinsa. In filinka ba magudana dole ka cire waya, ka cire tiyo, ka naɗe rumfa, a tattara duk abin da zai faɗo a cikin motar, ka tuƙa ta zuwa wurin zubarwa na gandun, ka dawo ka sake yin ribas ka sake daidaita ta. Kuma haramun ne a dokarsu ka sake shi a ƙasa ko da na wanka ne, tara za su ci ka.

Anti Hajiya (Minneapolis): Sallama gare ku. Kawu ni fa ban yarda da kai gaba ɗaya ba, ka yi haƙuri. Mu nan Minnesota yawancin gandunan jiha wuta kawai ake ba ka a fili, ko famfo babu a gefenka, sai dai ka cika tanki tun daga bakin shiga, kuma haka muke zuwa da yara muna kwana uku lafiya lau. Sirrin shi ne ka zaɓi filin da ke kusa da ginin wanka. Yawancin zangon kwana akwai gini mai bayi da shawa mai ruwan zafi, kuɗinsa na cikin abin da ka biya, to me zai sa mutum bakwai su yi layi a ɗan akurkin bayin mota wanda ko juyawa ba ka iya yi? Na mota a bar wa dare da ƙananan yara. Alwala kuma a cika butoci a yi ta a waje gindin bishiya, ruwa ne mai tsarki ba sabulu ba komai

Maman Khalifa: Anti Hajiya ina wuni. Ni dai tambayata ginin wankan nan akwai sirri kuwa? Don ni ba zan iya irin wankan nan na wurin motsa jiki ba da kowa ke ganin kowa, ga ƴan mata biyu gare ni

Anti Hajiya (Minneapolis): Lafiya lau ƙanwata. Ɓangaren mata daban na maza daban, kuma kowace shawa da ƙofarta ko labule, wasu sababbin ma ɗaki ne guda mai sakata ke kaɗai. Ki tafi da silifas na roba da doguwar riga mai sauƙin zurawa da ƴar jaka mai rataya don ƙasan a jiƙe yake. Buta kam ki riƙe taki, ba za ki samu a can ba 😄 In kin je da sassafe bayan asuba ba kowa, su sai rana ta ɗaga suke tashi

Kawu na Dallas: Hajiya maganarki gaskiya ce amma ku sanyi ya koya muku haƙuri. Ni abin da nake duba mishi, wannan ne zuwansu na farko, in uwargida ta sha wahala a na farko to an rufe babin kenan har abada

Maman Khalifa: Kawu Allah ya saka da alheri, ka faɗa mishi dai

Injiniya (Katy): Slm. Bari in ɗauki ɓangaren 30 da 50 tunda nan ne gonata. Ƙarfin wutar da turken zai iya ba ka ne, amp 30 ko amp 50. Na 30 layi ɗaya ne mai bolt 120, in ka lissafa wat 3,600 kenan gaba ɗaya, filoginsa ƙafa uku. Na 50 layi biyu ne, wat 12,000, ƙafa huɗu, don haka ba ƙarin 20 ba ne kawai kamar yadda lambar ke nunawa, ya ninka sau uku da ɗoriya. Amma abin lura motar ce ke yanke hukunci ba turken ba. Yawancin na haya masu matsakaicin girma 30 ne, ko ka kama filin 50 ba za ta ja fiye da 30 ɗinta ba, sai ma ka nemi ɗan adafta in turken ba shi da soket ɗin 30, kodayake da yawa suna da duka biyun. To yanzu lissafa, AC na cin wajen 1,500, butar lantarki ta shayi 1,500, ka ga saura kaɗan, wani ya danna microwave ko ƙanwarka ta jona abin busar da gashi sai ɗif. Ba lalacewa ba ce, ka je turken ka mayar da makunnin sama, amma a riƙa yi ɗaya bayan ɗaya. Hitar ruwa da firji in suna da zaɓin gas a mayar da su gas, sai a samu sarari.

Ɗan Bauchi (Chicago): Wato har ɗauke wutar ma akwai. Na rantse ku NEPA kuke kewa

Injiniya (Katy): 😂 aƙalla wannan kai za ka dawo da abarka ba sai ka jira kowa ba. Wani abu kuma Baban Khalifa, kafin ka soka filogi ka kashe makunnin turken, ka soka, sannan ka kunna. Kuma ka tambayi masu hayar ko suna ba da ɗan abin rage ƙarfin ruwa da ake ɗaurawa a bakin famfo, don famfon wasu wuraren da ƙarfi yake zuwa, bututun cikin motar kuma roba ne

Ɗan Maraɗi (Greensboro): Salamu alaikum, ina gaisuwa ga manya. Ni direban babbar mota ne, ta wajen tuƙi zan yi magana. Lasisinka na yau da kullum ya isa, tunda waɗannan na haya ba su kai nauyin fam 26,000 ba. Mai ɗaukar mutum bakwai za ta kai ƙafa 30 a tsawo, tsayinta sama kuma wajen ƙafa 12, ka rubuta lambar a takarda ka manna a gaban sitiyari don rumfar gidan mai da rassan itace da wurin sayen abinci ta taga, mutane da yawa a nan suke fasa AC ɗin da ke kan rufi. Gindinta yana da tsawo bayan taya, in ka karya kwana da sauri sai ya sharo abin da ke gefe. Wajen bukin, wato kama fili a shafin, ka duba abu biyu, tsawon filin, da kuma ko na shiga da baya ne ko na ratsawa. Na ratsawa ka shiga ta nan ka fita ta can ba ribas, in ka samu ka kama. In na baya ne to ka isa da rana, madam ta sauka ta tsaya inda kake ganinta a madubi, ku buɗe waya kuna magana. Kar a yi ta da dare da ihu, ana kallonku

Maman Khalifa: Ni zan tsaya bayan mota yana ribas? Mutumin da ko a Walmart sai ya yi sau uku 🙄

Baban Khalifa (Houston): Hajiya a rufa min asiri a gaban jama'a mana

Ɗan Maraɗi (Greensboro): Hhh a gefe za ki tsaya ba a baya ba. Mai kuma ka sa a ranka mil 8 zuwa 10 a galan. Kuma masu haya ban da kuɗin kwana suna cajin kowane mil, janareta ma da awa ake biya, amma tunda za ka jona wutar gandu ba ruwanka da janareta. Ka kuma tambaya kujeru nawa ne ke da bel, don wurin kwana bakwai ba shi ne bel bakwai ba, ƙaramin yaro kuma kujerarsa sai inda za ta ɗauru da kyau. In bai yi ba madam ta biyo ka da ƙaramar mota, hakan ma ya fi, in gishiri ya ƙare ba sai an tayar da gida gaba ɗaya an tafi kanti ba

Kawu na Dallas: Wannan shawarar ta mota ta biyu zinariya ce. To mu dawo kan wuraren biyu. Brazos Bend wuta da ruwa ne, sai wurin zubarwa. Huntsville akwai masu magudana a ɓangaren da ake kira Raven Hill, amma ba su da yawa, kuma Texas wata biyar kafin ranar suke buɗe bukin, na hutu irin wannan mutane a ranar da aka buɗe suke wawashewa. Ka shiga yau ɗin nan, in babu ka riƙa leƙawa don ana fasawa. Kuɗin fili a dare bai cika wuce dala 20 zuwa 30 ba, amma akwai kuɗin shiga daban na kowane babba kowace rana, ƴan shekara 12 zuwa ƙasa kyauta. Ku da kuke da manya uku ko fiye ka lissafa da katin shekara na Texas State Parks Pass, yana ɗauke kuɗin shiga na duk wanda ke cikin motarka. Mutum takwas ne iyaka a fili ɗaya, kun tsallake da ƙyar.

Ɗan Zongo (Bronx): Salam ya ƴan'uwa. Kawu ni ina da katin nan America the Beautiful na dala 80, ba zai yi mishi ba in na aika?

Kawu na Dallas: A'a ɗana. Wancan na gwamnatin tarayya ne, su Yellowstone da Grand Canyon da Big Bend, kuma ma da sunan mai shi yake aiki. Gandun jiha kowace jiha da dokarta da katinta da shafinta. Shi ya sa ka ji Hajiya na cewa su wuta kawai, mu kuma ga ruwa

Anti Hajiya (Minneapolis): Mu kwana 120 ne kafin ranar ake buɗewa, kuma mota ake yi wa takardar shiga ba kai ba. Duk wanda ya zo nan bazara in kai shi gandun Itasca, tun 1891 aka kafa shi, nan ne kogin Mississippi ya faro, yara na tsallake shi a kan duwatsu da ƙafa. Kogin da ku can kudu jirgin ruwa ke bi

Ɗan Bauchi (Chicago): Wannan rabon na tarayya da jiha ai mu ma mun san shi. Yankari da tana hannun tarayya, 2006 aka mayar wa jihar Bauchi. Kuma Kawu don ka sani na kwana a Wikki, na yi wanka a ruwan ɗumin nan, gwaggon biri ma har ɗaki suke shiga in ka bar ƙofa

Kawu na Dallas: To ashe ɗan gari ne kai, me ya kawo tsoron daji? Nan ma akwai ɓarayin, rakun, wata dabba mai zanen baƙi a ido, da hannu take buɗe kula. Duk abinci a shigar mota kafin a kwanta, shara a kai kwandon gandu mai murfi. Ka bar kilishi a kan tebur ka ga aiki

Maman Khalifa: Ku tsaya, Khalifa ya ce min wai akwai kada a Brazos ɗin nan, da gaske ne ko tsokana ce?

Injiniya (Katy): Da gaske ne Hajiya, da yawa ma, a bakin hanyar da ake zagaya tafkunan 40 Acre da Elm suke shanya, mutane na wucewa da kekuna. Dokar wurin ka ba su tazarar ƙafa 30, kar a ba su abinci, kar yaro ya je bakin ruwa, kuma ba a ninkaya sam. Ba su cika kula mutane ba gaskiya. Amma fa wurin akwai abin da Huntsville ba ta da shi, George Observatory, gidan kallon taurari da ke cikin gandun, daren Asabar suke buɗewa, akwai babban madubin hangen nesa mai inci 36, tikitinsa daban ake saye tun kafin a je. Yarana har yau zoben Saturn suke labari

Maman Khalifa: Taurari na nan a sama ko daga ina, Huntsville za mu

Kawu na Dallas: Ƴata kar in ɓoye miki, tafkin Raven na Huntsville ma akwai su, sai dai ba kamar can ba. Gabashin Texas ne, duk ruwan da kika gani ki ɗauka da mai shi a ciki. Amma wurin na da daɗi, dogayen itatuwan fayin, inuwa ko ina, yana manne da dajin Sam Houston, kuma kafin ku shiga za ku ga farin gunkin shi Sam Houston ɗin ƙato a bakin babbar hanyar I-45. Abin da ke burge ni da wurin, baƙaƙen fata ne tsofaffin sojojin yaƙin duniya na ɗaya suka fara gina shi a 1937, ƙarƙashin shirin CCC da Roosevelt ya kawo lokacin karayar tattalin arziki don samar wa mutane aiki. Gandunan jiha da yawa a ƙasar nan ƴan CCC ɗin ne suka gina, in ka ga tsohon gini na dutse da gungume to yawanci aikinsu ne. Ina gaya wa jikokina wannan don kar su ɗauka shiga daji abin Turawa ne kawai

Ɗan Zongo (Bronx): Kawu wannan magana ta taɓa ni, don abin da ke hana mu fita kenan. Tsakani da Allah yaya mutanen suke in sun ga hijabi da jallabiya da sahun salla a kan ciyawa? Ƙauyukan nan ba Bronx ba ne

Kawu na Dallas: Ba zan ce maka ba a kallo ba, ana yi, wani na mamaki wani na rashin so. Amma galibin maƙwabta a irin wurin nan tsofaffi ne ƴan fansho da masu yara, ka ɗaga hannu su ɗaga, in sun ga kana fama da ribas su ne ma za su zo taimako. Kuma abin da ya sa na fi son na jiha a kan na ƴan kasuwa, akwai jami'an gandu masu sintiri, akwai mai masauki da ke zaune a tirelarsa cikin zangon, daga 10 na dare zuwa 6 na safe ba hayaniya, kuma a Texas an hana shan giya a fili cikin gandun jiha. Filayen ma da tazara, ba a cusa ku taga na kallon taga. Sai dai mu ma mu kiyaye, hirarmu da ƙarfi take, asuba kuma kar wani ya ce zai ƙwala kiran salla

Anti Hajiya (Minneapolis): Ni kam ƙamshin tsire ne ke sasanta ni da maƙwabta, in aka miƙa musu faranti ɗaya an zama dangi. A dai rage yaji

Baban Khalifa (Houston): Tunda an zo kan salla, Malam na nan kuwa? Za mu yi kasaru ne?

Malam (Atlanta): Wa alaikumus salam, ina biye da ku. A mazhabar Malikiyya tafiyar kasaru barid huɗu ce, mil 48 na lissafin malamai, wanda ake ƙiyastawa da kilomita 80 da ɗan wani abu, kuma daga ƙarshen gine-ginen gari ake fara ƙirgawa ba daga ƙofar gidanka ba. Huntsville daga tsakiyar Houston wajen mil 70 ne na nan, ya haura kilomita 110. Brazos Bend kuwa mil 45 ne, kilomita 70 da kaɗan, bai kai ba. Sai sharaɗi na biyu, in ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku to ka zama mazauni, ka cika. Kwana uku za ka yi kasaru.

Injiniya (Katy): Allah gafarta Malam, to ai matsalar Houston ba a san inda ta ƙare ba. Ka bi I-45 gini ne manne da gini har Spring har Woodlands har kusan Conroe. In daga Conroe za a fara ƙirge saura mil 30 fa

Malam (Atlanta): Tambaya mai kyau, kuma malaman wannan zamani sun yi saɓani a kan irin manyan biranen nan. Wasu na duba haɗuwar gine-gine, wasu na duba sunan gari da iyakarsa a hukumance, wasu kuma na cewa duk abin da mutane ke kira tafiya a al'ada. Wanda ya cika don fita daga shakka sallarsa ta yi ba makawa. Ka tambayi limaminku na nan da ya san hanyar. Abin da zan ƙara, alƙibla daga Texas arewa maso gabas take, ba gabas sak ba, kuma a duba ta a waya tun akwai sabis, ko a tafi da kamfas

Ɗan Maraɗi (Greensboro): Malam mu direbobi kullum cikin wannan muke, wata rana sai mun buɗe zance na musamman a kai

Maman Khalifa: To girki fa? Zan iya tafiya da kurfotina?

Anti Hajiya (Minneapolis): Kowane fili akwai teburin katako da zoben ƙarfe na hura wuta, yawanci da ragar gashi a kai, cikin motar kuma akwai kukar gas mai kai biyu ko uku. Shawarata ki yi miyarki a gida ki daskarar, taushe ko kuka ko stew, ki jiƙa naman tsire da ƙuli da yaji tun daga gida don naman halal ba za ki samu a ƙauyen ba. Suya mai yawa a yi ta a waje, in kika soya kifi a cikin motar nan labule da katifa sai sun riƙe warin, masu haya su caje ku kuɗin wanki. Gawayi kuma ko da wasa kar ya shiga ciki ko da sanyi ya yi, hayaƙinsa marar wari ne ke kashe mutane cikin barci. Motar na da hitarta

Kawu na Dallas: Kuma ki kira ofishin gandun ana jibi tafiya ki ji ko an hana hura wuta, in fari ya yi ƙaramar hukuma na sa dokar, lokacin itace ba ya yiwuwa, wani lokaci har gawayi, sai gas kawai. Itacen ma ba a tsinta a dajin, a wurin ake saye

Ɗan Zongo (Bronx): Mu New York doka ce ma, ba ka ɗaukar itacen da ba a gasa ba ka wuce mil 50 da shi, saboda ƙwarin da ke kashe bishiyoyi

Baban Khalifa (Houston): Alhamdulillah jama'a na shiga yanzu, Raven Hill ba ko ɗaya daga Laraba zuwa Lahadi 😩 Amma na ga mai wuta da ruwa guda biyu, ɗaya a taswira ginin wanka na kusa da shi

Anti Hajiya (Minneapolis): Kama shi yanzu yanzu kafin ka gama rubutu wani ya ɗauke. Ka ga maganata ta fito Kawu

Kawu na Dallas: Ta fito Hajiya, ba yadda na iya. Kama, ka ci gaba da leƙen ɗayan. To tunda haka ne sai ka koyi zubarwa, ba wuya. Safar hannu ta roba, ka jona tiyon a motar ka tabbatar ya ciza, ɗaya bakin cikin ramin ka danne shi da dutse ko ƙafa. Ka fara jan bawul ɗin bayi, shi ne babban, in ya gama ka rufe, sannan ka ja na ruwan wanka ya wanke tiyon da ruwan sabulu. Kar ka juya tsarin. Tiyon da ke rataye a wurin na ɗauraya ne, ba a cika tankin sha da shi. Albishir ɗaya kuma, butar nan tamu alheri ce ga tankin bayi, don abin da ke toshe shi ƙarancin ruwa ne da yawan tishu, Turawa har magani suke saye saboda haka, mu kuwa ruwa muke zubawa. Ko ka samu mai magudana daga baya, bawul ɗin bayi a rufe ake barinsa sai ya kai kashi biyu cikin uku, in ka bar shi buɗe ruwan ya tsere ya bar tudun a ciki ya bushe. Ranar Lahadi kuma fita 12 na rana ne, kowa lokacin yake layin zubarwa, ka je tun 9

Ɗan Bauchi (Chicago): Wato an biya kuɗin haya, an biya mai, an biya fili, kuma Alhaji da kansa zai yi kwasar masai. Allah ya ba da lada 😂

Baban Khalifa (Houston): Na biya, Alhamis zuwa Lahadi. Ɗan Bauchi hoton farko kai zan turo wa

Ɗan Zongo (Bronx): Ni ma kun sa min sha'awa wallahi, gandun Letchworth na nan jihar New York nake ji ana yabo. Wa ya san hanya daga nan?

Ɗan Maraɗi (Greensboro): Nuwamba kam ka makara, zangon kwana na can arewa a Oktoba suke rufewa sai bazara, kuma New York wata tara kafin lokaci ake bukin, ka fara duba na Yuli tun da wuri. In ka ɗauko motar kar ka bi abin da taswirar waya ta ce kai tsaye, duk hanyar da sunanta ya ƙare da Parkway, su Hutchinson da Saw Mill da Taconic, ba ta manyan motoci ba ce, gadojinsu gajeru ne. Ka riƙe I-87 ka fita gari tukuna, sauran in lokaci ya yi ka kira ni in zana maka